Dogon da Ya Tsaya a Ƙaura

Duk faɗin Jihar Sakkwato, daga Tambuwal har Sabon Birni, babu ko taku ɗaya na layin dogo. Da aka yanke Zamfara a 1996, tashoshin Gusau da Ƙaura Namoda suka bi ta, aka bar Sakkwato da titin mota kaɗai. Duk da haka dattijon Isa ko na Sabon Birni ba zai yarda a ce masa bai san jirgin ƙasa ba. Gyaɗar gonar mahaifinsa a jirgi ta tafi, fatun jajayen awakinsu ma haka. Goron da aka raba ranar sunansa a tarago ya zo, kuma jirgin ne ya kwashi yayyensa zuwa cin rani. Dogon ne dai bai taɓa taka ƙasarsu ba. Ya iso Ƙaura a 1929, ya tsaya, har yau bai ƙara gaba ba.

Wanda ya san ƙasar zai ga abin mamaki a wannan tsayawa, domin hanyar a buɗe take. Gulbin Gagare da ya ratsa gefen Ƙaura shi ne ke gangarawa arewa ya haɗu da Bunsuru, wanda Isa ke bakinsa, su zama Rima, ita kuma ta wuce ta Sabon Birni. Babu wani tsauni a tsakani, sai fadama da jigawa. Ta wannan kwari rundunoni suka yi ta kai da kawowa tun zamanin da Alƙalawa take babban birnin Gobir, kuma Namoda ɗin da aka raɗa wa Ƙaura sunansa yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808, inda Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya kafa Sabon Birni, Isa kuwa ta zama mazaunin zuriyar Muhammadu Bello masu sarautar Sarkin Gobir. Turawa suka zo suka ja iyaka tsakanin 1906 zuwa 1908, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni ta faɗa hannun Ingila. Ke nan sa'ad da aka fara auna inda dogo zai bi, gabashin Gobir ya riga ya zama bakin iyaka, wurin da mai lissafin riba a Ikko yake gani a can ƙarshen taswira.

Shi kansa dogon, tun farko da tsumulmula aka yanka shi. A Ingila tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu ƙafa 4 ce da inci 8 da rabi, wato milimita 1,435. A Nijeriya sai aka zaɓi ƙafa 3 da inci 6, milimita 1,067, irin na Afirka ta Kudu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: siririn dogo ya fi araha, yana iya shan kwana mai tsanani ya kauce wa dutse maimakon a fasa dutsen, gadojinsa ba sa cin ƙarfe da yawa. Abin da aka sadaukar shi ne gudu, kuma ba wanda ya damu, tunda buhun gyaɗa ba ya sauri.

Gwamna Lugga ma da ya fara nasa dogon a Arewa, ƙasa da haka ya sauka. A 1901 ya sa aka shimfiɗa ɗan ƙaramin dogo mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 tsakanin Zungeru da Wushishi, a shekara ta gaba aka ƙara shi zuwa Barijuko a bakin kogin Kaduna, duka-duka mil 22. Aikinsa kwaso kayan da jiragen ruwa suka sauke ya kai su sabuwar hedikwata a Zungeru. Kawunan jirgin ƙanana ne, ƙirar kamfanin Hunslet na birnin Lids. Abin lura a nan shi ne shekarar: jirgin ƙasa ya yi kuka a Arewa kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903.

Irin wannan ɗan siririn aka sake shimfiɗawa daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, mil 143, aka gama a 1914, har da kayan Wushishi da aka tumɓuke aka sake amfani da su. Yana hawan tsaunin Filato a daddafe, yini guda cur kafin ya kai. Da babban dogo ya shiga Jos ta Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara mutuwa, aka rufe shi a 1957. Mutanen Sabon Garin Zariya har gobe suna kiran wata hanya Dogon Bauchi, ko da yake mafi yawan masu bin ta ba su taɓa ganin jirgin ba.

Babban aikin shi ne na Baro zuwa Kano, mil 356, wanda aka fara a 1907 ƙarƙashin Gwamna Girouard, mutumin Kanada da ya ƙware a aikin reluwe. Dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Talakawa kuwa da sunan diga suka san wannan zamani. Ta hannun sarakuna da hakimai ake tara leburori, kowane gari da adadin da aka yanka masa, a tafi a yi makonni ana sarar ƙasa ana ɗaukar ta a kwando. Ana biya da tsabar kuɗin Bature, kuɗin da zai koma hannun Baturen a matsayin haraji. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda aikin ya ratsa ƙasarsa, har waƙa ya yi a kansa, ita ce Waƙar Diga.

Turawa auduga suka sa rai za ta cika taragun, don masaƙun Lankasha. Manoman Kano suka duba farashi suka shuka gyaɗa. Wannan darasi ne ya sa a shekarun 1920 aka fara miƙa rassa zuwa inda ake ganin akwai amfanin gona: ɗaya daga Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, ɗaya kuma daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura, tafiyar fiye da kilomita 200. Sai dai shekarar da ya isa Ƙaura ita ce shekarar da kasuwar hannun jari ta Amurka ta rushe. Farashin gyaɗa da auduga da fata ya faɗi warwas, baitulmali ya bushe, gwamnati ta naɗe hannu. Ba a sake shimfiɗa wani dogo mai tsawo a Arewa ba sai na Kuru zuwa Maiduguri, tsakanin 1958 da 1964. Maganar kai shi Sakkwato ta sha tasowa, kafin mulkin kai da bayansa, ta sha kwanciya.

Faransawa ma haka suka yi a nasu ɓangaren. Dogonsu da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936, bai ko kusanci kogin Kwara ba. Kuma ko da ya ƙaraso, ba zai haɗu da na Ingilishi ba, domin faɗinsa mita 1 ne cif, bambancin milimita 67 kacal, amma ya isa ya hana tarago ɗaya ya hau layin ɗaya. Gobir da Katsinar Maraɗi suka zauna a tsakanin dogaye biyu da kowanne ya gaji a hanya. Shekaru da dama gyaɗar Maraɗi ta Nijeriya take bi ta kai teku, sai a shekarun 1950 Faransa ta shirya jigilar manyan motoci zuwa Paraku don ta karkatar da ita.

To, abin da dogo bai ƙarasa ba, jaki da raƙumi suka ƙarasa.

Da kaka ta yi, hanyar Sabon Birni zuwa Isa, zuwa Shinkafi, zuwa Ƙaura sai ta cika. Buzaye da ayarin raƙuma, kowane raƙumi da buhu biyu, fatake da jakuna da takarkarai, daga baya kuma manyan motoci masu bodin katako da ke bin hanyar da rani kaɗai, domin da damina fadama ba ta ba da hanya. Daga Isa zuwa Ƙaura ba ta kai kilomita 100 ba, amma ga mai jaki tafiyar kwanaki ce. A Ƙaura da Gusau kantunan Turawa ke jira da sikeli: UAC, wanda shi ma a 1929 aka kafa shi, da John Holt, da GBO, da kamfanonin Faransa irin su CFAO. A ƙarƙashinsu akwai Kwarori da manyan dillalai Hausawa, a ƙarƙashin waɗannan kuma akwai yaran da ake ba jari tun kafin girbi su shiga ƙauyuka. Manomi yakan karɓi kuɗi ko turmin atamfa da damina, ya biya da gyaɗa da kaka, a farashin da ba shi ya yanka ba. Iyaka kuwa ba ta hana komai: duk shekarar da farashi ya fi kyau a wannan gefe, buhunan Madawa da Tsibiri sukan kwana a ƙasar Ingilishi, in ya juya su ma su juya.

Ba gyaɗa kaɗai ba. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda a da take ratsa Sahara har Turawa suka riƙa danganta ta da Maroko, ta koma bin tarago zuwa Ikko. Shanu ma suka fara tafiya Kudu a tsaye cikin tarago. Da jirgi zai dawo sai ya zo da gishiri, kananzir, kwanon rufi, yadi, da goron ƙasar Yarbawa. Wannan na ƙarshe shi ya karya tsohon fataucin Gwanja, wanda ayarinsa kan shafe watanni a hanya. Goron da ya taso daga Agege cikin kwanaki kaɗan yake isa Ƙaura da ɗanyen ganyensa, ranar Alhamis kuma a gan shi a kasuwar Shinkafi.

Kan jirgin shi ne abin kallo. Baƙin ƙarfe ne mai doguwar tukunya a kwance, bayanta murhu, bayan murhu ɗan ɗakin direba, sannan taragon kwal da ruwa. Fayaman yana tsaye tsakanin kwal da wuta da shebur, yana watsa kwal ɗin ko'ina cikin murhu don kada wani gefe ya mutu. Zafin wutar yana bi ta cikin bututai masu yawa da suka ratsa tukunyar, ruwa ya tafasa, tururi ya taru ya tura fistin, fistin ya tura sandunan ƙarfen da ke haɗe da ƙafafu. Tururin da ya gama aiki ta bututun hayaƙi yake fita, kuma fitarsa ce ke zuƙo iska ta hura wutar, shi ya sa in jirgi ya ɗauki kaya yana hawan tudu ake jin numfashinsa daga nesa. Ƙishirwarsa ba ta da iyaka. Dole a kafa tankin ruwa a tashoshi, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a ƙasar da rafi ke ƙafewa wata bakwai.

Abincinsa kuma daga nesa yake zuwa. An gano kwal a Udi a 1909, Inugu ta tashi a kansa. Kwal ɗin da za a ƙona a Ƙaura sai ya bi ta Makurɗi, Kafanchan, Kaduna da Zariya, kusan kilomita 1,000, kuma kafin a gama gadar Makurɗi a 1932 a jirgin fito ake tsallakar da taragu kogin Binuwai. Ashe mahaƙan nan 21 da 'yan sanda suka harbe a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamba 1949 suna da alaƙa da manomin Isa, ko da ba su san juna ba: guminsu ne ke jan gyaɗarsa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirgi suka tsufa, taragu suka yi kaɗan, gyaɗa ta yi ta taruwa a tashoshi. Dalar gyaɗar da ake alfahari da ita a hotuna, rabin labarinta albarkar noma ne, rabi kuma gazawar reluwe ce ta kwashe kaya a kan lokaci. Don maganin wannan aka fara kawo sababbin kawuna daga 1948, waɗanda kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya fara ƙerawa, aka raɗa musu sunayen kogunan Nijeriya. Ƙafafunsu ƙanana 2 a gaba, manya 8 masu ja, ƙanana 2 a baya. Ƙirar ta karɓu har reluwen Afirka ta Gabas da na Nyasaland, Malawi ta yau, suka ɗauke ta suka yi nasu a kanta da 'yan gyare-gyare.

Wannan ɗauka a gyara ita ce kuma sana'ar masu ƙera ƙananan jirage na sha'awa a Ingila, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Kamfanoni sun fi yin kayan haɗi na jiragen babban dogo, don haka mai son siririn dogo sai ya yi dabara da lissafi. Idan ya rage komai sau 64, faɗin milimita 1,067 zai dawo 16 da ɗoriya, kusan daidai da ɗan layin milimita 16.5 da ake sayarwa a ko'ina. Idan sau 87 ya rage, layin milimita 12 zai nema. Mai son irin na Wushishi ko Dogon Bauchi kuwa, ragin sau 87 zai kai shi kan layin milimita 9. Daga nan sai ya sayi kayan haɗin wani jirgi dabam, ya riƙe ƙafafu da injin, ya yar da saura. Ya yanke tukunya ko ya naɗa sabuwa da fallen tagulla, ya ɗaga ɗakin direba ya faɗaɗa shi, domin a siririn dogo ɗakin kan yi wa jirgin girma, ya ƙara babbar fitila a goshi da ƙarfen ture dabbobi a gaba, ya like da dalma, ya shafa fenti, sannan ya ɓata fentin da gangan da baƙin toka da tsatsa don ya yi kama da wanda ya sha aiki. Wani yakan shekara a kan kai ɗaya.

Yaron ƙasar Hausa bai taɓa ganin kwalin kayan haɗi ba, amma ya san wannan aiki. Bayan girbi kara ya wadata. Sai ya zaɓi mai kauri, ya fere ɓawon da haƙori ko reza ya fitar da siraran tsinke, ya yayyanka totuwa gunduwa-gunduwa, ya riƙa soka tsinken a cikinta har gangar jiki ta tashi. Ƙafafu daga sakaina ake fafe su, daga baya aka koma tsohon silifa da marfin kwalba. Wanda ya samu langa-langar da aka kwance daga dilar kaya ya zama babban injiniya a unguwa. A garuruwan da ke bakin dogo, gwangwanin madara shi ne tukunya, gwangwanayen kifi a jere a ɗaure da waya su ne taragu, mai ja kuma da bakinsa yake yin kukan jirgin. A Isa da Sabon Birni yara sun fi ƙera babbar mota, kuma ba laifinsu ba ne: mutum abin da ya gani yake kwaikwaya. Su ma masu ƙera aci-balbal da mazurari a kasuwa, da almakashinsu da dalmarsu, hannunsu bai bambanta da na Baturen da ke like tagulla ba. Zane da awo ne kawai ba a taɓa miƙa musu ba.

Ƙarshen jirgin kwal a Arewa ya fara ne a 1955, shekarar da aka mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta, kuma aka kawo kawunan dizal na farko. Arewa aka fara turo su, saboda wahalar ruwa da nisan kwal. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar Inugu, ya kuma tarwatsa ƙwararrun ma'aikata da yawa waɗanda 'yan Gabas ne. Fari na 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, kuɗin fetur ya shimfiɗa kwalta, tirela ta ƙwace kayan. Reshen da aka gina don gyaɗa ya wayi gari babu gyaɗa. Ƙaura ta samu kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 1983, amma tasharta ta yi ta yin shiru, gwamnatoci kuma suka yi ta alkawarin farfaɗo da ita.

Yanzu zamanin babban dogo ne mai milimita 1,435. An buɗe na Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Ikko zuwa Badun a 2021. A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke ginawa, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. In an gama shi, Bagobirin Tsibiri zai riga ɗan'uwansa na Sabon Birni jin kukan jirgi a kusa da gida. Hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da Isa kuwa, wadda ayari ke bi dare da rana a zamanin jaki, yau direba sai ya tambayi labarin 'yan bindiga kafin ya tayar da mota.

Ragowar jiragen kwal ɗin ba su ƙare duka a hannun 'yan gwangwan ba. Kan jirgin Wushishi na 1901 yana ajiye a Minna, na Dogon Bauchi suna gidan tarihi na Jos. Malaman kwalejin Ƙaura da na makarantun fasaha na Sakkwato da Zamfara suna iya tura ɗalibai su auno su da tef, su zana, su dawo su zauna da maƙeran gwangwani na kasuwa a fitar da ƙananansu a kan awo, a kai makarantun firamare na Isa da Sabon Birni. Sannan a bi dattawan da suka kai gyaɗa Ƙaura a kan jaki da na'urar ɗaukar magana tun suna raye, domin mafi ƙanƙantarsu a yau ya haura shekara 70.